Tambayoyi da amsoshi ga mai koyon anfografi shi kaɗai yana jin kamar ba zai iya ba

Salamu alaikum ƴan uwa. Ni nan Tawa nake, shekara shida ke nan ina aikin anfografi, wato haɗa afish (takardar talla) da logo (tambari) da katin biki da bash na shaguna (babbar ledar talla da ake ratayewa), kuma ba wata lakkol na yi ta abin ba, da salula na fara. Tambayoyin ga ƙannena ne ke yi mani su, wasu a fada in muna shan shayi, wasu ta WhatsApp da tsakar dare, kuma na lura kusan duka maganar guda ce, mutum yana koyo amma zuciyarshi na ce mashi kai ba ka iya ba. Shi ya sa na tara su wuri guda in amsa iyakar abin da na gani da idona.

Duk abin da na haɗa in na sake dubawa sai in ga bai yi kyau ba. Ko dai ba ni da baiwar abin ne?

Wagga ita ce tambayar da aka fi yi mani, kuma zan daɗe a kanta. Ƙanena, tsaya ka lura da abu guda, wa ya gaya maka aikin bai yi kyau ba? Idonka ne. To idon da ya iya gane cewa abu bai zauna daidai ba, ido ne da ya riga ya fara koyo. Abin da ke faruwa shi ne ido yana riga hannu girma, tun kana yaro kake ganin afish da tambari da kwalin kaya da ɗinkin hula da aska takwas a gaban babbar riga, idonka ya ƙoshi da kallo shekara da shekaru, hannunka kuwa wata uku ke nan da ya fara. Dole ido ya raina hannu. Wanda nake jin ma tsoro shi ne wanda ya haɗa abu da launi bakwai ya duba ya ce ai babu kamar shi, wannan gyaranshi ya fi wuya.

Abin da ya taimake ni shi ne na daina cewa "bai yi kyau ba" haka kawai, don wannan maganar ba ta da hannun kamawa, tana sa ka rufe waya ka kwanta ne kurum. Sai na tilasta ma kaina in faɗi mi ne ne takamaimai bai yi ba. In ka zauna ka duba da kyau, yawanci ɗaya daga cikin abubuwa kaɗan ne. Ko ka sa polis, wato salon harafi, har kala huɗu ko biyar a afish guda, alhali biyu sun isa. Ko ka cika fili tam ba ka bar ma ido wurin hutawa ba, rubutu ya manne da baki. Ko layukan ba su tsaya kan gefe guda ba, wanga ya shiga dama wancan ya fita hagu. Ko kuma komi girmanshi guda, sunan shago da lambar waya da "sai kun zo" duk kai ɗaya, mai wucewa bisa kabu-kabu bai san wanne zai fara karantawa ba. Ka ga waɗannan kowanne ana gyara shi cikin minti goma, kuma babu wanda ya shafi baiwa a cikinsu. Ran da ka iya cewa "rubutun ga ya matse da hoto" maimakon "ni ban iya ba", ran nan ka fita daga wani rami.

Baiwa akwai ta, ba na musu, akwai mai saurin kama launi akwai wanda hannunshi ke zane tun yana ƙarami. Amma aikin da muke ci da shi kullum, afish ɗin walima da katin suna da bash ɗin mai sayar da kayan masarufi, tsari ne da ake koyo kamar yadda ake koyon ɗinki.

Salula kaɗai gare ni, ba ni da kwamfuta. Ba ɓata lokaci nake ba?

A'a. Ni kusan shekara biyu da waya na yi aiki, da manhajojin zane PixelLab da Canva, kuma an biya ni kuɗɗi a kansu. Canva tun 2013 aka fito da ita daga Ostireliya don mutanen da ba su karanci abin ba, kuma akwai sashenta na kyauta da ya ishi mai farawa. Abin da za ka koya a waya, jera rubutu da zaɓen launi da barin fili, shi ne dai za ka tahi da shi kan kwamfuta, ba ya zubewa a hanya.

Amma kar in ruɗe ka, waya tana da iyaka. Logo na gaske ana so a yi shi da layin da ba ya fashewa ko an ƙara mashi girma kamar bango, shi ake ce ma vektor, kuma wannan ya fi sauƙi a kwamfuta. In Allah ya hore maka ko tsohuwa ce, ba sai ka jira kuɗɗin manyan manhajojin zane irin Photoshop da Illustrator ba, Inkscape da GIMP kyauta ne kuma ba su bukatar konekson in ka sauke su, akwai kuma Photopea da ke buɗewa cikin intanet kai tsaye, wadda mutum guda mai suna Ivan Kutskir ya gina. Kafin nan in aiki ya fi ƙarfin waya ka shiga siber ko ka roƙi wani ya ara maka awa guda. Kuma don Allah a watannin zafi, Afrilu da Mayu, da kuran ke yawan tahiya waya na ɗaukar zafi tana kashe kanta, ka riƙa ajiye aikinka kowane ɗan lokaci, na taɓa rasa aikin yini guda haka kuma ranar na ji kamar in bar sana'ar gaba ɗaya.

Ba ni da difilom ko atestasiyon. In wani ya ce mani "anfografis" sai in ji kamar yaudarar mutane nake, wata rana za a gano ni.

Wanga jin yana da suna a wurin masana halayyar ɗan Adam. A 1978 wasu mata biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun yi rubutu a kan mata sama da 150 da suka yi nisa a karatu da aiki, masu manyan digiri, amma kowacce na jin cewa sa'a ce kawai ta kai ta, kuma wata rana asiri zai tonu. Ka ga ke nan takarda ba ta maganin abin, masu takardar ma suna fama da shi.

Kuma mu nan jihar Tawa ba sai mun je nesa neman misali ba. Masallacin Yama, ginin laka, Alhaji Falke Barmu ne ya fara gina shi a 1962, magini ne na gargajiya kuma manomi, ya yi ta ƙari yana gyara shekara da shekaru har ya ɗora hasumiya huɗu kowacce da siffarta, kuma a 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda manyan masu zanen gini na duniya ke nema. Mariam Issoufou Kamara kuma, wadda ta yi aikin masallaci da ɗakin karatu na Dandaji, ta yi shekaru tana aikin kwamfuta kafin ta koma karatun zanen gini. Ita ta koma makaranta, shi kuwa a bakin aiki ya koya, kuma duka biyun abin da suka gina yana tsaye kowa na iya zuwa ya gani.

Inda yaudara take shi ne ka karɓi aikin da ka san ba ka iya ba ka ce ka iya. In Alhaji ya ce yana son bidiyo mai motsi kai kuwa afish ka iya, ka ce mashi "Alhaji wanga ban kai gare shi ba tukuna, amma ga wanda na iya". Muddin kana faɗin haka babu wani asiri da zai tonu don ba ka ɓoye komi ba.

In na shiga Instagram ko Pinterest ko Behance na ga aikin ƴan Abijan da Dakar da Legas sai jikina ya mutu.

Na san wannan mutuwar jikin sarai. Amma abin da kake gani can zaɓaɓɓe ne, mutum ya yi aiki ɗari ya ɗora biyar, sauran da kiliyan, wato mai aikin, ya mayar mashi da wanda ya lalace wurin bugu ba za ka taɓa ganinsu ba. Sannan da yawa an ɗora su ne kan hoton kwalba ko riga ko allon titi na ƙarya da ake saukewa a shirye, shi ke sa ƙaramin logo ya yi kama da na babban kamfani. Kai kuma kana gwada shi da naka da ke tsirara a fuskar waya ƙarfe biyun dare.

Ban ce ka daina kallo ba, kallo abinci ne. Amma ka canja yadda kake kallon. Maimakon ka wuce hoto hamsin kana jin haushin kanka, ɗauki guda ɗaya tal ka tsaya a kanshi, polis nawa ya sa, launi nawa, ina ya bar fili, mi idonka ya fara faɗa ma kuma don mi. Sannan ka riƙa fita daga waya kana kallon na gida. Je kasuwa ka dubi aikin dukawa a kan takalmi da jaka, yadda suke haɗa ja da kore da baƙi ba su yi faɗa ba, dubi zanen ƙwarya, dubi kurwa ta Agadas da ta Tawa, wato abin wuyan azurfa da ake ƙerawa, wurin maƙera, dubi zayyanar da malamai ke yi a allo. In ka je Yamai ka leƙa Musée National Boubou Hama ko ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata. Wanga abu ne da kai kake da shi a ido tun kana goye, ɗan Abijan sai ya nema.

Tuto, wato bidiyon koyarwa, nawa ya kamata in kalla kafin in fara? Forfe na ƙarewa ni kuma ban ji na shirya ba.

Guda ɗaya, sannan ka rufe YouTube ka yi abin da ka gani da sunan wani shago na unguwarku. Jin an shirya ba ya zuwa daga kallo, na gwada. Sauke tuto ɗin da dare in forfe ya fi araha, ka kalla kana tsayarwa kana yi, kar ka buɗe na biyu sai ka gama aikin na farko.

In na kwaikwayi aikin wani don in koya, sata ce?

Don koyo ba sata ba ce, almajiri ma da bin rubutun malam yake fara riƙe alƙalami. Ɗauki afish da ya burge ka ka sake gina shi daga farko har ƙarshe, za ka gano abubuwan da ido kaɗai bai gani ba. Amma ya tsaya cikin wayarka. Ran da ka ɗora shi a sitatu na WhatsApp ka ce naka ne, ko ka ɗauki logon wani ka canja suna ka sayar ma kiliyan, ran nan ya zama cin haƙƙi, kuma abin da mutane ba su lura ba shi ne yana ƙara maka shakkar kanka, don ko an yaba maka ka san ba kai aka yaba ba.

Na yi ma wani aiki, da aka buga ya fito ba yadda yake a waya ba, ya yi mani faɗa gaban mutane. Tun ranar ban sake karɓar aiki ba.

Sannu, wanga yana da ciwo, kuma ya faru da ni. Bash na farko da na yi ma wani mai shago, shuɗi mai haske na zaɓa, da aka buga ya fito duhu kamar an jiƙa shi, hoton kayan kuma ya fashe, ga harafin ƙ a sunan shagon ya koma ɗan akwati. Mutumin ya ce ba zai biya ba kuma yana da gaskiya, ni na biya kuɗɗin bugu na biyu daga aljihuna. Na yi sati biyu ina jin cewa wannan shi ne shaidar ban iya ba. Sai da wani dattijo mai aikin injin bugu ya zaunar da ni ya ce "ɗana, wanga kowa ya bi ta nan", ya nuna mani dalili ɗaya bayan ɗaya, sai na ga ashe abubuwa uku ne kawai ban sani ba.

Na farko, fuskar waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, shi ake kira RGB, injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMYK, kuma akwai launuka masu walƙiya da tawada ba ta iya fitarwa. Don haka kafin babban bugu ka ce a fitar maka da ɗan ƙarami ka gani, ka nuna ma mai aikin ya yarda. Na biyu, in ka aika hoto ta WhatsApp yadda aka saba yana matse shi ya rage mashi kyau, sai ka aika shi a matsayin dokiman, ko PDF, ko ka kai a kile USB. Ƙaramin abu da ake riƙewa a hannu kamar kati ana so ya kai 300 dpi, wato ma'aunin yawan ɗigon hoto a bugu, bash da ake hange daga nesa bai bukatar haka. Na uku, polis da yawa ba su da haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, to kafin ka ƙaunaci wani polis rubuta "ƙaɗaɓaƴa" ka gani ko duka sun fito. Noto Sans da Andika da Charis SIL suna da su kuma kyauta ne.

Mutumin da ya yi maka faɗa, in da hali ka koma ka ba shi haƙuri ka gyara mashi. Mai shagon nan nawa har yau ni ke yi mashi aiki.

Wa zan nuna ma aikina? Abokai na fada cewa suke "ya yi kyau" kawai, wasu kuma dariya.

Duka biyun ba su da amfani sosai, amma laifin tambayar ne wani lokaci. In ka ce "ya yi kyau?" to amsa biyu kaɗai ka bari. Miƙa ma mutum waya na daƙiƙa biyar ka karɓe ka ce mi ake sayarwa, ina wurin yake, yaushe ne taron. In ya amsa, afish ya yi aikinshi. Innarmu ba ta san mi ne ne anfografi ba amma ita ce ta fi kowa gyara ni, don in ta ce "ni ban ga lambar ba" to lallai lambar ta yi ƙanƙanta. Sannan ka nemi mutum guda da ya riga ka a sana'ar, ko mai injin bugu ne, ka riƙa kai mashi aiki guda lokaci lokaci, ba goma a tare ba don kar ya gaji da kai. Masu dariya kuwa ka daina nuna masu, ba dole ba ne.

Gida suna cewa danna waya kawai nake, sa'o'ina duk sun tahi cin rani suna aiko kuɗɗi.

Nan Adar wagga magana tana da nauyi, kowane gida akwai wanda ke Abijan ko Libiya ko Najeriya, kuma in uwa ta ga ɗan maƙwabta ya aiko ita kuma nata yana ɗaki da waya, dole ta damu. Kar ka ɗauke shi ƙiyayya, kuma kar ka tsaya dogon bayani don ba za su gane da baki ba. Abin da ya canja gidanmu shi ne ranar da na kai Baba gaban wani shago na nuna mashi bash na ce ni na yi, ya tsaya yana kallo ya ce "wanga duka?", kuma kuɗɗin farko da na samu ko da jikka 2 ne na sa a hannun Inna. Sannan kar ka bar aikin gida ko gona ko tsaron shago saboda koyo, ka yanka ma kanka awa guda ko biyu kullum ka tsare su, haka ba wanda zai ce ka zama malalaci.

Ni mace ce, ina jin kunyar ɗora aikina, kuma wuraren bugu duk maza ne.

Ƴar uwa, kasuwar da ke gabanki ta fi tawa faɗi ta wani gefen. Mata masu sayar da turaren wuta da humra da kayan kicin da lalle da dubulan ta sitatu, da yawansu sun fi sakewa su yi magana da mace ƴar uwarsu, ga katin biki da na suna da ba su ƙarewa. Ba sai kin ɗora hotonki ba, sa sunan sana'a ki bar aikin ya fito. Wurin bugu kuma ana aika PDF ta waya a biya ta Nita ko makamancinta, ƙaninki ya karɓo. Amma ko sau ɗaya ne ki je da rakiya ki ga yadda injin ke fitar da launi, zai canja yadda kike zaɓe.

Yaushe zan fara karɓar kuɗɗi? Ina jin aikina bai kai a biya ba.

Ran da wani ya zo da kanshi ya ce yi mani, aikinka ya kai a biya, don da bai da amfani gare shi da bai zo ba. Na yarda ka yi biyu ko uku kyauta, na masallacin unguwa ko ƙungiyar ƙwallonku ko shagon yayanka, don ka samu abin nunawa, daga nan ka sa farashi ko kaɗan ne. Alamar Nike da duniya ta sani, wata ɗaliba ce mai suna Carolyn Davidson ta zana ta a 1971 aka biya ta dalar Amurka 35, ba ta jira ta zama gwana ba kafin ta karɓi aiki. Ka faɗi kuɗɗinka tun farko, ka karɓi rabi kafin ka fara, ka ce gyara sau biyu ne cikin farashin. Kuma in an ce ya yi tsada, ciniki ne irin na kasuwa, ko goro ana tayawa, kar ka tahi gida kana cewa ai don ban iya ba ne.

Na bar abin wata huɗu ban taɓa ba, yanzu ina jin kunyar komawa, kamar na manta komi.

Ba ka manta ba, hannu ne ya yi sanyi, kwana uku zai dawo. Ni ma na bari lokacin da Baba ya yi jinya, fiye da wata huɗu ma. Kar ka dawo da babban buri na cewa za ka yi logo goma a sati. Buɗe wayarka ka nemo aiki mafi tsufa da kake da shi, wanda ka fi jin kunyarshi, kuma don haka nake roƙon kowa kar ya goge tsofaffin aikinshi. Sake yin shi yau da rubutu guda da hoto guda, polis biyu kaɗai, ka ba kanka minti arba'in, in lokaci ya cika ka tsaya ko bai gamsar da kai ba. Sai ka jera tsohon da sabon gefe da gefe, ka rubuta kwanan wata a ƙasan kowanne, ka turo mani in kana so in duba.